Dutsen da Ya Faɗo a Tsirin Gonata

Ni wawa ne, kuma wautata irin ta mai ganin ya fi kowa dabara ce. Shaida ita ce na taɓa rantsewa da aradu a gaban jama'a, don kawai na saci kallon sama na gan ta fes. Kaka ce, an gama yankan gero, ko ɗigon girgije babu. Na ce a raina aradu da hadari take tafiya, hadari kuwa sai baɗi, kafin nan kowa ya manta. Gaskiya na faɗa a ranar, har gobe ina kan bakana. Amma lissafin da na yi da sama, wannan kam na wawa ne.

Ga yadda aka yi. Kakanmu ya bar gona a bayan ƙauyenmu, tsakanin Gaya da Balan. Da ya rasu aka raba wa kawuna da uwata, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Kawu ya rasu ɗansa ya gaje shi, ni kuma na gaji uwata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubasai ke nan. Tun muna yawo ba wando ba ya kirana sai bawa, ni kuwa in ce masa ubangidan da ba ya ciyarwa. Ita gamba ba ta zama wuri guda. A yanka ta a yi zana, wuta ta ci, ta tsiro a gefe. Shekaru suka tura, sai ga layin gamba biyu, tsakaninsu wani tsiri mai damshi wanda dawa take so. Ni nake noma shi tun uwata tana da rai. Sauran gonar tawa jigawa ce, in damina ta yi gardama wannan tsirin ne yake kai gidana ga sabon hatsi.

A waccan kakar taubashina ya tashi ya ce layin da ke wajena shi ne na asali, tsirin nasa ne. Na ɗauka wasa ne, har na ce ya zo ya ɗauke shi a ka. Ashe da gaske yake. Muka je gaban dagaci. Waɗanda suka ga rabon duk sun mutu. Aka yi ta magana har rana ta karkata, sai taubashina ya dube ni ya yi murmushi.

"Bawa, kai da ba a raba bakinka da rantsuwa, yau ga ranarta. In tsirin na uwarka ne, kira aradu."

Liman ya ce a'uzubillahi, wannan rantsuwar Maguzawa ce, Musulmi da Allah yake rantsewa. Ban bari ya rufe baki ba. Na miƙe, na nuna sama da ɗan yatsa, na ce in ƙarya nake aradu ta same ni a kan tsirin nan. A ƙasarmu kowa zai yi salla ya yi azumi, amma in aka ambaci aradu sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai. Dagaci ya ce to, ya rantse, a bar masa. Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce mini, "Kai dai Allah ya shirye ka." Na dawo gida ina taƙama kamar na ci yaƙi.

Wata bai mutu ba abin ya faru. Da hantsi ne, ina cikin tsirin ina ɗaure kara. Sai na ji ƙara daga sama ta gabas, dum, dum, kamar ana harba bindigogi a cikin rijiya, sannan wani gurnani ya biyo baya yana birgima. Shekarun nan mahara daga Ningi suna yawan fitowa, saboda haka duk wanda ke gonaki ya yar da abin hannunsa ya nufi gari. Ni ma na ɗaga ƙafa, sai na ji wani fito a kaina, fiii, kamar majajjawa, sannan tim! Ƙasa ta watso mini a baya har cikin wuya. Na faɗi rub da ciki ina kalmar shahada, ina haɗa ta da wata sura da ban taɓa kai ƙarshenta daidai ba. Da na ga ban mutu ba, na ɗaga kai. Sama tana nan fes, sai wani ɗan zaren hayaƙi fari can ƙololuwa yana wargajewa. A bayana kuwa ga rami a tsakiyar kunya, a cikin tsirin, ba a gonar kowa ba.

Na rarrafa na leƙa. Wani baƙin abu ne a ciki, zurfin bai wuce gwiwar hannu ba. Nan take na san abin da za a ce. Al'adarmu ita ce in aradu ta faɗi, ba mai taɓa wurin sai maƙera. Su zo su zuba madara a ramin, su tono gatarinta, su tafi da shi, mai wurin ya ba su baƙin bunsuru. In na tsaya aka yi mini haka, shi ke nan, na amsa cewa aradu ta zo nemana ta kuskure da taku kaɗan. Tsirin ya tafi, sunana ya bi shi. Sai na zura hannu biyu na ciro shi. Da ɗan ɗumi a jikinsa kamar tukunyar da aka sauke tun ɗazu, girmansa kamar kan ɗan maraƙi. Na naɗe shi a rigata na rungume, na nufi gida ta bayan gari.

Kafin azahar labari ya gama ƙauye, domin wata mai tsintar kara ta hango ni. Mai ɗakina ta tare ƙofar ɗaki da hannuwa biyu.

"Malam, da wannan abin ba za ka shigo mini ba."

"Dutse ne fa."

"Dutsen gidan wa? Ka taɓa ganin dutse a gonarka? Mu da ko na niƙa sai fatake sun kawo mana? Kai shi inda ka kira shi."

Na tura shi ƙarƙashin rumbu. Ban gama wanke hannu ba sai ga sallamar sarkin maƙera, da ƙoƙon madara a hannunsa, bayansa taubashina da rabin gari. Sarkin maƙera dattijo ne sa'an kawuna, ba ya ɗaga murya.

"Ɗana, an ce ka taɓa abin da ba naka ba. Miƙo shi, mu yi abin da aka saba, a wuce wurin."

"Baba, me zan miƙo?"

"Gatarin aradu."

"Ba ni da shi. Dutse ne ya faɗo a gonata, kuma abin da ya faɗo a gonar mutum nasa ne."

Taubashina ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku ji bawa! Ya kira ta, ta amsa, yanzu yana cewa ba ita ba ce, ƙanwarta ce."

Na ce masa in aradu ce, ina hadarinta? Wa ya ga walƙiya? Wa ruwa ya taɓa? Ya ce don ni aka yi tafiyar gaggawa, ba ta tsaya ɗaukar kaya ba. Jama'a suka yi dariya, ni ma na kusa yi, don maganar ta yi daɗi. Amma ban miƙa dutsen ba. Sarkin maƙera ya zubar da madararsa a ƙofar gidana, ya ce za mu haɗu a gaban dagaci.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. A masallaci sai in ga gefena biyu da fili. Masu sayen fura suka daina shigowa wurin mai ɗakina. Wani maƙwabcina ya ɗauke akuyarsa daga jikin dangata. Ni kuwa kullum da safe sai in jawo dutsen in zauna da shi a rana, ina juya shi. Karatuna bai yi nisa ba, allona ya fi sanin bayana fiye da yadda na san fuskarsa, amma ido ai ba a makaranta ake ba da shi ba.

Bayan dutsen baƙi ne mai ɗan sheƙi, an yi masa ɓawo siriri kamar ƙanzo a gindin tukunya, da 'yan tsage-tsage ƙanana irin na kaushi. Jikinsa duk lotse-lotse ne, kamar yadda maginiya take danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu. A gefe guda, inda ya bugi ƙasa, ɓawon ya ɓalle. Nan na ga abin da ya sa na daina jin tsoronsa. Cikinsa fari ne kamar toka, ba baƙi ba. Na sa farce na kankara, sai ya marmashe. Akwai ƙwayoyi farare a ciki masu faɗi, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai wake, suna ƙyalli in rana ta doke su. Tsakaninsu da wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan tagulla, da wasu 'yan ƙanana ƙwarai masu hasken sabuwar allura.

Mai ɗakina ta yi kwanaki tana wucewa ta gefe tana tofa addu'a. Wata safiya dai ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Wannan farin, kanwa ce?"

"Ɗanɗana ki ji."

"Allah ya kiyaye. Kai ka ɗanɗana, kai da ka riga ka gama lalacewa."

Na lasa. Ba kanwa ba, ba gishiri ba, ba ɗaci, ba komai, kamar ka lashi bango. Sai ta tsuguna, tun ba a gayyace ta ba. Ta kawo allinta na kaɗi ta gwada, ta ce alli ya fi shi laushi. Ta jefa marmashin a ƙoƙon ruwa, bai narke ba, ya kwanta a ƙasa. Amma da ya jiƙe sai wani ɗan wari ya tashi, irin na farar wuta da masu koli suke sayarwa don ƙaiƙayi. Ta ja da baya, ta ce wannan warin kada in bari kowa ya ji, za a ce daga wuta aka jefo shi. Daga ranar dai ta daina zagaye rumbun.

Na saka shi a burgami na ɗauka zuwa Kademi, wurin wani mai haƙar rijiya da muka yi farauta tare muna samari. Shi ya san cikin ƙasa hawa-hawa. Ya juya shi, ya ce ya ratsa rairayi, ya ratsa jan yumɓu da fari, ya fasa marmara, ya tarar da tsakuwar da ke kwance a bakin ruwa, bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Ya ce marmara ja ce har cikinta, dutsen ƙanƙara kuwa ba ya marmashewa a farce. Na ce to ya zo ya faɗi haka a gaban dagaci. Ya ce shi da ƙasa yake hulɗa, abin da ya zo daga sama ba ya shiga. Ya ba ni ruwa na sha, na lura ƙoƙon da na sha da shi gefe ya ajiye shi. A hanyar dawowa na haɗu da mutanen Gafasa za su kasuwa, suka ce har can sun ji ƙarar, kaji suka yi ta kyarkyara. Suka tambaye ni ko na san maƙaryacin da aka ce abin ya faɗo wa. Na ce na san shi, mutumin kirki ne, kyakkyawa kuma.

Ranar da aka taru a ƙofar gidan dagaci, bayan la'asar, har mata sun leƙo ta kan danga. Na ajiye burgamina a tsakiya, mutane suka ja tabarminsu baya. Taubashina ya fara, ya ce maganar ba ta da tsawo: an rantse a kan tsiri, abu ya faɗo a kan tsiri, a ba shi gonarsa. Dagaci ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da aradu na rantse. In ita ce ta zo, ku karɓi tsirin, ku haɗa da rigata. Amma a fara nuna mini cewa wannan nata ne. Baba sarkin maƙera yana da gatarinta a gida, na kakanninsa. A kawo a jera."

Sarkin maƙera bai so ba, amma dagaci ya sa baki. Ya aika aka ɗauko wata tsohuwar jakar fata, ya zazzage a kan buzu. Guda uku ne ko huɗu, ban taɓa ganinsu kusa haka ba. Kowanne bai fi tafin hannu ba, sumul kamar an shafa musu mai, baƙi-baƙi mai ɗan kore, gefe guda da baki kamar na gatari, ɗaya gefen a tsuke. Ɗaya ya taɓa karyewa tun zamanin da. Na nuna karayar.

"Baba, cikin wannan da bayansa ba launi ɗaya ba ne?"

"Ɗaya ne."

"Farce yana kama shi?"

"Ko wuƙa ba ta kama shi."

Na fito da nawa na ɗora kusa da su. Ya yi kama da jaki a cikin awaki. Na ce a nuna mini bakin gatari a jikinsa. Ba wanda ya matso. Sai na ɗauki masabar da sarkin maƙera ya ajiye a gefensa, ban nemi izini ba, na ɗaga na sauke masa a ka. Wata mata ta yi salati a bayan danga. Dutsen ya rabe biyu ba gardama, farin cikinsa ya bayyana, marmashi ya watsu har kan buzun liman. Na ɗebi kaɗan na watsa a baki na tauna, yana ƙaras-ƙaras a haƙorana, ina kallon taubashina.

"Ubangida, ga aradunka ina ci. Ko za ka taɓa?"

"Ci kai kaɗai, bawa. Dama abin da ubangida ya ƙi shi bawa yake ci."

Yawuna ya jiƙa wanda ke tafin hannuna, warin nan ya tashi. Taubashina yana da hanci kamar kare. Ya yi tsalle ya ce a ji, a ji, warin albarushi, warin wuta! Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Na ce in wari ne shaida, duk mai ƙaiƙayin da ya shafa farar wuta a garin nan aradu ta taɓa shi, kuma na san su, in ana so in fara kiran suna. Wani dattijo da ke sosa ƙafa ya janye hannunsa, aka fashe da dariya.

Sarkin maƙera dai bai yi dariya ba. Ya sa awartaki ya ɗauki gutsure guda, ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce yana ganin ɗigon ƙarfe a ciki, tsantsa, ba tsatsa, abin da bai taɓa gani a dutse ba, domin ita tama sai an ƙona ta take ba da ƙarfe. Ya ce a bi shi maƙera. Muka ɗunguma, har dagaci. Ya binne gutsuren a gawayi, aka yi ta zuga har wutar ta yi fari. Ya ciro shi. Ya yi ja, ya huce, ya koma yadda yake sai ɗan duhu da ya ƙara. Bai narke ba, bai yi kashin maƙera ba, bai tsage ya yi tsalle kamar dutsen ƙanƙara ba. Ya goga wani gutsuren a kan uwar maƙera, ya bar farin gari, ita kuwa tama ja take bari. Dattijon ya ajiye awartaki, ya goge hannu a warkinsa.

"Ranka ya daɗe, ba tama ba ne. Ba kuma irin waɗanda iyayena suka bar mini ba ne. Ban ce ba daga sama ya zo ba. Na ce dai ba namu ba ne, ba zan zuba masa madara ba."

Dagaci ya juya ga liman, ya ce ko littafi ya faɗi wani abu. Liman ya ce an san ana jifan shaiɗanu da taurari, amma bai taɓa jin wanda ya tsinci abin jifan ya kawo gida ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba. Ya ce abu ɗaya ya sani, wanda ya rantse da abin da ba Allah ba ya tuba. Na ce na tuba. Ya ce ban yi kama da mai tuba ba, da gari a gemu.

Na ɗauka na gama. Sai dagaci ya yi gyaran murya, kuma har yau ina jin haushin wayonsa.

"To, dutsen ba na aradu ba ne. Ke nan aradu ba ta ce komai ba tukuna, domin ba lokacinta ba ne. Kai ka zaɓi kaka ka kira ta. Damina tana zuwa. Ka noma tsirin da hannunka, daga shuka har girbi. In ta wuce ta bar ka, naka ne, kada in ƙara jin bakin kowa."

Liman ya ce wannan ba shari'a ba ce. Dagaci ya ce ya sani, amma ita ce mutanen nan za su yarda da ita. Ya ce in kuwa ina tsoro, in sakar wa ɗan'uwana tsirin yanzu, a yi addu'a a tashi. Duk ido ya dawo kaina. Na tattara gutsattsarin dutsena a burgami, na ce a gaya wa aradu ta same ni a can, ta san wurin, maƙwabcinta, dutsen nan, ya riga ya nuna mata.

Baki ne kawai ya faɗi haka. Waccan daminar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Da, in hadari ya haɗu, nakan saɓa fartanya in yi gida kamar kowa. Yanzu ba dama, domin taubashina yana gonarsa yana kallona ta kan gamba, in na gudu gari zai ji kafin in isa. Sai in ga gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwantar da dawa, kowa yana gudu, ni ina tsaye a tsakiyar tsiri. Fartanyar ma nakan jefar da ita nesa, don an ce ƙarfe yana kiranta, in tsuguna ina cire ciyawa da hannu. Shi kuma ya tsaya daga nesa, a bakin hanya, ya haɗa hannu a baki.

"Bawa! In ta zo ka ce ina gaishe ta!"

"Matso ka gaya mata da kanka, matsoraci!"

Ba ya matsowa. Wata rana ana maimai, wato noma na biyu, aka yi wata tsawa da ta sa na ga ƙasusuwan hannuna. Ta sauka a kan wata ɗorawa can a gonar wani, ta tsaga ta biyu. Na tsinci kaina kwance a cikin kwari, bakina cike da laka, wandona kuwa na gode wa Allah da ruwan sama ya riga ya jiƙa shi. Da na ɗaga kai sai na ga taubashina yana gudu, ba gida ya nufa ba, wajena yake zuwa, yana kiran sunana na gaskiya, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun muna yara. Da ya ga na motsa sai ya tsaya cak a bakin gamba, ya gyara hula, ya ce dama zuwa ya yi ya ga ko tsirin nasa ya ƙone. Na ce ya koma, bawa yana aiki.

Mai ɗakina ta roƙe ni ranar in bar musu. Ta ce jigawar ma ta ishe mu, ta fi son miji da yunwa a kan dawa da takaba. Na ce mata in na saki yanzu, 'ya'yanmu za su tashi ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda sama ta ƙaryata. Tsirin na uwata ne, na ga ƙafarta a cikinsa, kuma ba dutse ba, ko sama ce za ta faɗo gaba ɗaya sai na fasa ta na duba cikinta. Washegari na koma.

Ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna, na girbe. Ba wanda ya ce mini komai, sai dai na ga sahu ya matso a masallaci, masu fura sun dawo. Dutsen kuwa har yau ban san sunansa ba, kuma duk wanda na nuna wa sai ya gaya mini abin da ba shi ba ne. Ya ƙi zama ɗan gidan kowa. Rabinsa ya marmashe da shekaru, wasu sun roƙi gutsure don magani na hana, don ban san ciwon da yake yi wa ba.

Ranar da nake ɗaure damin ƙarshe, taubashina ya tsallako gamba ya shigo tsirin, karo na farko tun da aka fara rigimar. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki zangarniya guda ya auna nauyinta a hannu, ya murza, ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki. Ya taka har inda ramin yake, wanda tuni garma ta shafe, ya tsaya a kai. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Na shirya masa amsa iri-iri, ina jira ya ce bawa in sauke masa. Sai ya yi magana a hankali, ba dariya a ciki.

"Na bar maka, ɗan'uwa, ba na aradu ba ne, na yarda. Amma duk faɗin ƙasar nan, daga Gaya har Ajingi, me ya sa sai a kan kunyarka ya sauka?"